Ranar da Na Lulluɓe Injin Taubashiyata

A duk faɗin Injamena, daga Ridina har bakin gadar Ngeli, babu injin da zai yi tari ban gane ciwonsa ba. Haka nake faɗa a majalisa, kuma da hujjata. Shagon atamfata bango ɗaya ya raba shi da rumfar masu gyaran babur, tun ina da gashi a ka nake jin su. Hayaƙin da na shaƙa a wurin, da za a tara shi, ya isa ya yi hadari a yi ruwa har Kusiri. Ban taɓa riƙe sufana ba, gaskiya ne, amma ai liman ma ba shi ke gina masallaci ba.

Wata rana cikin bazara, irin zafin nan da ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya ya huta kafin ya taka ɗaya, wayata ta yi ƙara. Taubashiyata ce, 'yar kawuna, wadda ke da lambu a Waliya kusa da kogi. Tun rasuwar mijinta lambun nan ne cinta da shanta. Da yake ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana, kana ina?"

"Ina inda manya suke. Lafiya?"

"Injin ban ruwa ya ƙi tashi tun asuba. Mai gyaran ya haye Kusiri jana'iza. Jiya na dasa salak fangali-fangali, in bai sha ruwa yau ba, gobe sai dai in tara shi in ba awaki. Ba kai ne kake cika mana kunne da sanin inji ba?"

Ban ko rufe shagon da kyau ba. Na tare kalando, wato ɗan acaɓa, muka kama hanya. A kan gada cunkoso ya riƙe mu, motoci da amalanke da wani mai raƙumi da ya ga nan ne ya dace ya yi shawara da raƙuminsa. Na sauka na taka, na sake hawa, na sake sauka. Mai babur ya ce da Larabci in zan tafi a ƙafa in sallame shi, in zan zauna in zauna, shi bai saba ɗaukar fara ba.

Na iske ta tsaye a kan injin, ta ɗaura gyale a ƙugu. Dashen salak ya kwanta a fangalai kamar kunnuwan tunkiya. Kogi na can ƙasa ya ja baya, tiyo ya miƙe har cikinsa, ga ruwa ana gani amma ba ya zuwa. Ta riga ta fara ɗebo shi da bokiti, ta shayar da fangali ɗaya, ƙarfinta ya ƙare.

Na tattare babbar riga na tsuguna. Amma kafin in taɓa komai sai da na yi mata karatu, don aikin da ba a yi wa bayani ba ladansa rabi ne.

"Kin ga cikin nan? Turmi ne da taɓarya. Taɓaryar ita ake kira fistin. In ta ja baya, sai turmin ya shaƙi iska mai yawa, da ɗan fetur kaɗan kamar gishiri a miya. Ta dawo ta matse su a lungu har su rasa wurin gudu. Nan sai buji, wannan ɗan farin abin, ya ƙyasta wuta. Su kama, su fashe, su tunkuɗa taɓarya da ƙarfi, wannan tunkuɗar ce ke juya komai har ta jawo miki ruwa. Sai ta sake dawowa ta kori hayaƙin waje ta bututun nan da ake kira salansa. Shaƙa, matsa, fashewa, fitarwa. Ya sake shaƙa. Inji ɗan Adam ne, numfashi ne farkonsa."

"Bawana, salak ba ya shan wa'azi."

Na kwance bujin da makullin da ke ɗaure a jikin injin. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce mata ga ɓarawon nan, wuta ba ta tsallakawa ta cikin wannan dauɗa. Na kankare shi da ɗan waya, na wanke da fetur, na hura, na mayar. Na ja igiya. Ya yi tari. Na sake ja. Ya kama da ruri, tiyo ya kumbura ya miƙe, ruwa ya fito yana gudu cikin kwalbati.

Jama'a, da a ce an ba ni sarautar Injamena a lokacin da na ce a ajiye, ina da abin da ya fi ta. Taubashiyata ta ruga da fartanya tana buɗe wa ruwa hanya, tana cewa, "Ashe bawan nan yana da amfani!" Ni kuwa na kasa zama. Na zagaya injin, na leƙa tanki, na gyara masa zama, na sake zagayawa. Mutum in ya yi abin kirki sau ɗaya hannunsa ƙaiƙayi yake yi.

Can na kai hannu kusa da jikinsa, na ji zafi kamar tandar mai burodi. Rana ta take tsaka, ga wuta a cikinsa, ga wuta a samansa. Tausayi ya kama ni. A gindin bishiyar mangwaro kuwa ga jarkar ruwan shanta, an naɗe ta da buhu an jiƙa, kamar yadda kowa ke yi a garin nan. Mu da muka tashi ba firiji mun san duk abin da ya yi zafi jiƙaƙƙen buhu ne maganinsa: jarka, tulu, kankana, har kan mai zazzaɓi. Na ce to, inji ya fi jarka ne?

Na samo buhu biyu, na tsoma su a kwalbati har suna ɗiga, na lulluɓe shi tsaf, na cusa gefe-gefe don kada zafi ya samu ƙofa. Salansa kaɗai na bari a buɗe, ni ba jahili ba ne, na san hayaƙi yana son hanya. Na ja baya ina kallonsa kamar ango cikin alkyabba.

Bai daɗe ba muryarsa ta canja. Ya fara gurnani ƙasa-ƙasa, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya yi shaƙuwa, ya yi shiru. Tiyo ya saki jiki. Ruwan da ke kwalbati ya tsaya, ƙasa ta shanye shi a gabanmu, ko rabin lambu bai kai ba.

"Me ka yi masa?" ta ƙwalo daga can.

"Hutawa yake yi!"

Na ɗaga gefen buhu na kama igiya. Na ja, na ja, na ja har kafaɗata ta fara neman barin jikina. Na cire babbar riga. Na cire hula. Na ce fetur ɗin ne, irin na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, ƙila an sirka shi. Ta ce da shi ya tashi ɗazu. Na ce to fistin ya gaji. Na ce ko iskokin kogi ne ba sa son ƙara da azahar. Na gangara bakin ruwa na duba tiyo, na hauro, na sake gangarawa ban san abin da na je nema ba. Duk lokacin da na waiga, salak ya ƙara kwanciya. Ita ta daina tsokanata, ta koma ɗaukar bokiti. Na karɓi bokiti ɗaya, na kai shi rabin gangare, na ajiye na koma kan igiya.

Da ta hauro ta dire bokitin, ta tsaya tana kallon injin cikin lulluɓinsa.

"Bawana, ɗazu me ka ce yana fara yi?"

"Shaƙa."

"Ta ina?"

Na buɗe baki zan nuna mata ɗan akwatin da iska ke shiga, sai na ga babu shi. Yana ƙarƙashin buhu, buhun ya manne a bakinsa, injin ya zuƙe shi da kansa yana neman iska. Ta sa hannu ta fizge buhunan ta yar. Har ƙarafan nan masu kama da haƙarƙari da ke jikinsa, waɗanda iska ke bi ta sanyaya shi, duk na toshe su. Fetur ya yi ta shiga ba iskar da za ta ci da shi, kamar a cika murhu da itace a kife masa kwano.

Na sake kwance buji. Ya jiƙe sharkaf, ya koma baƙi. Na goge, muka shanya shi a kan murfin jarka tare da soson da ke tace iska. Jiran nan ya fi ja da igiya wuya. Na zauna, na tashi, na juya shi, ta ce in ƙyale shi. Na ce rana ta yi sanyi yau, ta ɗauki bokiti ta gangara kogi.

La'asar ta yi kafin ya tashi. Ruwa ya bi fangalai ɗaya bayan ɗaya, muna biye da shi da fartanya har magariba ta gabato. Fangalan ƙarshe na can gefen shinge sun riga sun ƙone, ruwa ya iske gawa. Sauran kuwa kafin mu tashi sun fara ɗaga kunne.

Ta zuba mini ruwa daga jarkar nan mai buhu, mai sanyi har haƙori. Na sha, raina ya dawo, na gyara murya na ce ai ko ba komai ta shaida bayanin da na yi mata babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Ta karɓi kofin ta ɗauraye.

"Babu kam. Gobe in ya sake tsayawa, bawana, ka aiko mini da bakinka a kalando. Hannuwan ka bar su a Ridina."