Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari a Dahome

Sallama gare ku, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce daga ƙasar Bagudo, ban taɓa zama aji ba, faɗi nake yi ana rubuta mini. A shekarar da aka ce Bature ya miƙa mulki, ni yarinya ce, shekarata huɗu da aure. A Geza aka haife ni, aka kai ni Kende. In ka shiga Kende a lokacin ka tambayi wace ce mai kunya cikin matan gari, gidanmu za a nuna maka. A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da shi. Ni kuwa na riƙe wannan har na wuce kowa. Da na yaye ɗiyata, uwar mijina ta ɗauke ta. Tsohuwar ce yarinyar take kira Inna, ni ba ta da wani abin da take kirana. In ta faɗi a tsakar gida, sai in kau da kai in ci gaba da dakana, mata suna yabona. Yabon nan ya yi mini daɗi, kuma shi ya kusa raba ni da ita har abada.

Surukata Badandiya ce, mai sana'ar kifin banda. Duk bayan kaka takan ɗauki kwandunanta ta bi kwalekwale cikin Kwara har wata babbar kasuwa ta bakin ruwa a ƙasar Dahome, ta dawo da gishiri da goro. Tana jin Dandanci, harshen iyayenta ne, can kamar gida yake gare ta. A shekarar sai ta ce in bi ta in taya ta da kaya, ta goya jikarta muka tafi. Ni ban da Hausa ba na jin komai, ban kuma tambayi ko yadda ake cewa a ba ni ruwa ba. Na ɗauka tunda tsohuwa tana nan, bakinta ya ishe mu. A hanya masu jirgi suna ta faɗin cewa su ma mutanen Dahome sun karɓi tasu ƙasa, an kafa sabuwar tuta, an kawo sababbin jandarmomi, wato 'yan sandansu, daga kudu waɗanda ba su san mu ba. Ban sa maganar a kai ba. Iyayenmu sun daɗe suna bin ruwan nan ba wanda ya taɓa tambayarsu ko su na wace ƙasa ne.

Kwana biyu da saukarmu aka aiko wa surukata cewa yayanta ya rasu a wani ƙauye mai nisan yini guda a ƙafa. Yarinyar tana ɗan zazzaɓi, sai ta ce in zauna da ita da kayan, jibi za ta dawo. Tana juya baya yarinyar ta ɓarke da kuka, ta zame daga hannuna ta kutsa cikin kasuwa tana kiran Inna. Na bi ta na cafko ta, tana dukana tana harbin iska. Da zan kira sunanta in rarrashe ta, da ta yi shiru, amma mutanen Kende da muka zo jirgi ɗaya suna nan zaune a rumfa suna kallo, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na ɗauke ta a gefe kamar yadda ake ɗaukar ɗan maƙwabta. Ban ankara ba sai ga jandarma tsaye a gabana. Ya dubi fuskata ya dubi tata. Ni tsagar Kabawa ce a kumatuna, ita kuwa tsagar gidan ubanta aka yi mata. Ya yi magana da Faransanci, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya ƙara, na sunkuyar da kai. Ya fizge ta daga hannuna, ya tasa ni gaba har ofishinsu, aka hana kowa biyo mu.

A ofishin akwai babbansu, wani dogo mai tabarau, da tafinta wanda ya tsinci Hausarsa a kasuwa, mace ma kai yake ce mata. Tafintan ya tambaye ni ko yaron nawa ne. Na ce, kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarama, ta tsohuwa ce. Ya ce mene ne sunanta, na dubi ƙasa. Ya ce mene ne sunan mijina, na ja mayafi na rufe baki. A gida da na yi haka, da an ce wagga yarinya ta sami tarbiyya. A can kuwa duk shirun da na yi, mai tabarau rubuta shi yake yi. Suka nuna wa yarinyar ni da yatsa, ta juya baya tana kiran Inna. Daga nan tafintan ya gaya mini abin da suka yanke: ni ɓarauniyar yara ce daga ƙasar Ingilishi, wato ƙasarmu, za a tsare ni, yarinyar kuma da la'asar za a sa ta mota a kai ta wani gari can kudu inda ake ajiye yaran da ba a san iyayensu ba. Ya turo mini takarda da tawada ya ce in dangwala yatsa, wai in na dangwala abin zai zo mini da sauƙi.

Duk wautar da na yi a ranar, wannan ɗaya ban yi ta ba. Na dunƙule hannuna na cusa cikin zane. Na ce masa ban san abin da takardar take faɗi ba, kuma yatsana ba zai yi shaidar abin da kunnena bai ji ba. Ya yi tsawa, jandarman ya buga tebur da kulki, aka murɗa mini hannu har sai da wuyan hannun ya kumbura. Ban buɗe ba. Suka gaji suka zaunar da ni a barandar ofis cikin rana, aka kai yarinyar ɗakin wata ma'aikaciyar asibiti da ke gefe. Ina jin kukanta ta bango tun azahar har muryarta ta dushe. Ina zaune ina ta jiran wani ya zo ya faɗa musu gaskiya a madadina, kamar yadda aka saba yi mini duk rayuwata. Mutanen Kende suna tsaye bayan shinge, ba mai Faransanci cikinsu, mai gadi kuma ba ya barin kowa ya matso.

Da inuwa ta karkata sai ga motar ta tsaya. Aka fito da yarinyar, aka miƙa ta sama bisa buhuna. Direba ya tada inji. Har yau ban san lokacin da na miƙe ba. Na ture jandarman, na je na tsaya a gaban motar na dafa ƙarfenta da hannu biyu, na buɗe baki na kira sunan ɗiyata, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Na kira shi sau uku, har masu rumfunan bakin ruwa suka juyo. Sannan na dubi tafintan na ce:

“Ɗiyata ta, ni na haihe ta. Gaya mishi, in motar ga za ta tafi, sai dai ta bi ta kaina.”

Na ce su duba ƙarƙashin kafaɗarta ta dama, akwai tawadar Allah kamar ƙwayar gero biyu a jere. Su duba tafin ƙafarta ta hagu, akwai tabon garwashi. Haƙorinta na ƙasa guda ya karkace. A bayan kunnenta akwai wurin da gashi bai tsira ba. Shekara uku ina nuna ban ganta ba, ashe ba inda idona bai ƙirga ba a jikinta. Mai tabarau ya sa aka sauko da ita, ma'aikaciyar asibitin ta duba ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Yarinyar kuwa ta daina kuka, ta tsura mini ido, don ba ta taɓa jin sunanta daga bakina ba. Da aka ajiye ta, ta tako a hankali ta kama gefen zanena. Tafintan ya tambaye ni, cikin mamaki, me ya hana ni faɗi tun da safe. Na ce kunya. Ya juya wa mai tabarau, suka yi ta magana, na ga alama ba su sami inda za su ajiye kalmar ba. Ba su sake mu ba sai da surukata ta dawo ta yi musu bayani da Dandanci ta bakin wani mai gadi, amma kwana biyun nan a bayana yarinyar ta yi su.

Kafin mu iso Kende labari ya riga mu. A bakin rijiya mata suka sa mini suna Mai-kira, in na zo ɗibar ruwa sai wata ta ce a matsa wa wadda ta sayar da kunyarta a Dahome. Na ce musu na sayar, kuma da abin da na sayo na dawo, ga ta nan tana tafiya da ƙafarta. Surukata ba ta yabe ni ba, ba ta kuma zage ni ba. Abin da kawai ta ce, tunda na iya kiran sunan, to in riƙa tashi ina yi mata wanka da kaina.

Ban yi nadamar ihun da na yi ba, ko yau aka maimaita sai na ƙara murya. Nadamata ita ce shirun safiya, da tafiya ƙasar mutane da bakin aro. Ku masu ƙetare iyaka, musamman mata, ku koyi ko kalma goma ta mutanen wurin kafin ku sauka. Ku san wanda za ku nema in abokin tafiya ya gusa. Kada ku dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta muku ba, ko za a karya hannun. Kuma ku sani ladabin garinku ba kowa ya san shi ba, wani wurin laifi za a karanta a cikinsa. In an tambaye ki ɗanki, ki ce naki ne, da ƙarfi.

Da aka buɗe makaranta kusa da mu, ni na kai yarinyar nan da hannuna, dangi suna ta surutu. Ita ce zaune a gabana yanzu da furfurarta, tana rubuta wannan. Ta ce ko in bari ta sa sunanta a ƙasa. Na ce a'a, ba na mujalla ba ne, nawa ne, kuma kullum da safe ina kiransa.