Hanjin da Halime Ta Wanke

Duk wanda ya taɓa sayen kayan ciki a unguwar Djamboutou ta Garoua ya san Halime. Shekara talatin da ɗoriya tana sammako zuwa kwata, ta karɓi tumbi da hanji hannun mahauta, ta juya su, ta kankare, ta murje da gishiri da lemun tsami har sai sun yi fari ƙal. Matan unguwa kan ce hanjin Halime ko a hannu ka riƙe shi ka shiga taron biki, ba mai toshe hanci. Ga ta da faɗa, wallahi. Ka kuskura ka ce kayanta na ƙarni, ranar sai ka gwammace ba ka fito ba.

Da wannan sana'a ta yi wa 'yarta Nazira makaranta, tun daga lakwal ɗin unguwa har jami'a a Ngaoundéré, inda take karatun haɗa magunguna. Doka ɗaya ta kafa mata tun tana ƙarama: ba ita ba kwata. "Hannun biro daban, hannun hanji daban," haka take cewa.

Halime na da ciwon suga. Safe da yamma sai ta soka wa kanta allura a ciki, har wurin ya yi tauri. Ta tsani allurar nan kamar me, kullum sai ta zage ta kafin ta soka.

Wata Talata Nazira ta sauka Garoua da 'yar kula mai ƙanƙara rungume a ƙirji. Ta zaunar da uwar ta yi mata bayani. Ta ce maganin suga irin na allura, idan aka haɗiye shi, ciki ne ke narkar da shi, wanda ya tsira kuma sai ya maƙale a wani yauƙi da ke lulluɓe da bangon hanji, ba ya kaiwa jini. Shi ne ta ƙunshe maganin cikin wasu ƙwayoyi mitsi-mitsi, waɗanda ko ɗari uku aka jera ba su kai kaurin gashi ɗaya ba, ta yi musu riga mai santsi don su sulale ta cikin yauƙin. Saura gwaji. Tana son hanjin saniya sabon yanka, za ta yi aikin a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwajen likitoci, a nan garin. Ƙwayoyin kwana uku suka rage musu kafin su lalace, kuma ba ta da wasu. Idan gwajin bai yiwu ba, sai dai ta maimaita shekara.

Halime ta ji kalmar hanji, ta ji kalmar likitoci, sauran duk ya bi iska. Kayanta za a kai gaban masu farar riga? To, za su gani! Washegari ta zaɓi hanjin da ya fi kowane kyau, ta juya shi, ta kankare, ta zuba gishiri, ta matse lemu goma sha biyu, ta ɗauraye har sau bakwai. Ta kawo shi cikin sabon kwano tana taƙama.

Nazira ta buɗe kwanon, ta shafa yatsa, ta ji ƙarau. Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Dada, ina yauƙin?"

"Wane yauƙi? Ƙazantar? Ni zan kai wa mutane ƙazanta?"

"Ai ƙazantar nake nema, Dada. Ita ce aikin gaba ɗaya."

Innalillahi! Halime ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da ta fi iyawa a duniya, shi ne ya cinye wa 'yarta kwana guda cikin uku. Ta so ta yi faɗa, ta rasa wanda za ta yi wa.

Da asubahin Alhamis ta ɗauki cokalinta na kankara, wanda bakinsa ya suɗe don tsufa, ta tsaya a ƙofar ɗakin Nazira. "Tashi ki ɗauko kular nan. Yau dai na karya dokata."

A kwata Nazira ta fara gwadawa da nata ƙarfen na labo, sai ga jini da tsoka sun biyo yauƙin. Halime ta yi tsaki, ta ture ta. "Matsa, malamar boko. Dannawa kike yi. Ba a dannawa, lallaɓawa ake yi." Ta kwantar da cokalin, ta ja shi sau ɗaya, yauƙi ya taso garau, ba ɗigon ja. Ta kuma nuna mata cewa na farkon hanji ruwa-ruwa ne, na can ƙasa ya fi kauri, kada ta gauraya su. Nazira ta tsaya baki buɗe, sannan ta ciro biro ta rubuta. Gaston, mahaucin da ya san Halime tun tana goyo, ya ce shekara talatin yana kallonta tana zubar da abin nan a kwatami, yau ga shi ana sa shi a kwalba kamar turare.

Ranar Juma'a da la'asar Nazira ta kai uwar labo, ta ɗora mata ido a kan madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. A gefe guda wasu ɗige-ɗige masu haske sun tsaya cak a cikin yauƙin. A ɗaya gefen kuwa suna ta kutsawa.

"Masu tafiyar su ne masu riga," in ji Nazira. "Gwajin ya yi, Dada."

Halime ta daɗe ba ta ɗago ba. "To yaushe zan daina allurar?"

"Da saura. Shekaru ne, kuma ba ni kaɗai ba. Ƙila ma ba ki riske shi ba."

"Wata za ta riska," Halime ta ce. Ta goge ido da bakin mayafi, ta zaro cokalin daga jakarta, ta danƙa a hannun 'yarta. "Riƙe. Naku na labo ba ya aiki."