Ranar da Baba Ya Kalli Fatalwata

Fim ɗaya na taɓa yi a rayuwata, kuma sau ɗaya aka nuna shi. A lokacin sana'ata ɗaukar bukukuwan aure da na suna a Gadarif, a ƙasar Sudan, da wata tsohuwar kyamarar bidiyo wadda in ta yi zafi sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul. Na gaji da ɗaukar mutane suna cin nama suna ɗaga mini hannu. Kaina ya kumbura, na ce ni ma zan yi fim na ban tsoro, irin wanda zai hana ƙato zagayawa bayan gida shi kaɗai.

Labarin ba shi da tsawo. Wani lebura ya mutu a gonar riɗi, wakilin gona ya sa aka binne shi a ɓoye ba a gaya wa danginsa ba, sai fatalwarsa ta riƙa fitowa tana bin wakilin. Abokina, makanikin tarakta ne, ya samo mana gona a Gedambaliya, can wajen gari, da mutum huɗu da suka yarda a ɗauke su. Wanda zai zama fatalwa ya aiko da safen ranar cewa uwarsa ta yi mummunan mafarki, ba zai zo ba. Dole na miƙa wa abokina kyamara, ni na shiga cikin farin ƙyalle.

Ƙyallen nan shi ne duk maganar. Mun fara gwada wani yadi na kasuwa, ya fito a hoto kamar shanya a kan igiya. Ni kuwa so nake abin ya yi kama da gaske, kuma na san inda na gasken yake.

Baba shi ke wankan gawa a unguwarmu. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya a Gadarif yana noma don ya tara guzuri, har ya rasu bai ga teku ba. Baba ne ya ƙarasa masa tafiyar. Ya dawo da haraminsa, ƙyalle biyu masu kauri, ya jiƙa su da zamzam ya shanya tun a can, ya ninke ya ajiye a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. Kowa a gidan ya san a cikinsu za a naɗe shi in ranarsa ta zo. A kusurwar kowanne akwai ƙulli uku na shuɗin zare, marigayiya Inna ce ta yi su don kada su ɓace cikin na jama'a a jirgin ruwa.

Na ɗauke su Baba yana masallaci. Na ce wa abokina aro na yi a wurin wani tela. Kwana biyu na yi yawo da su cikin gona, baƙar ƙasar nan tamu mai danƙo ta kama gefen ɗaya. Da na dawo na wanke su da sabulu da ruwan famfo, kuma sai da na sa hannu cikin kumfa na tuna da zamzam ɗin da nake wankewa. Tabon ƙasar bai fita ba. Na ninke shi ciki, na mayar akwati, na yi ta gaya wa kaina cewa Baba bai taɓa shiga wurin kallo ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka nuna fim ɗin, a nadi, wato gidan kallon bidiyo da ke bayan kasuwar hatsi. Rumfar kwano ce, an rataya buhuna a gefe don su tare haske, an ɗora talabijin a kan durom. Lokacin yankan riɗi ne, gari cike da leburori masu jiran lorin da zai kai su gonaki. Suka cika benci, suka zauna a ƙasa, kowa da laujensa naɗe cikin tsumma a cinyarsa. Mai nadi ya yi sati yana gaya musu cewa wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi kada ya shigo.

Ina tsugune ina gyara waya sai na ji ana ta "Alhaji, tafaddal, a ba Alhaji wuri." Na ɗago, na ga Baba da sandarsa, abokina yana riƙe da hannunsa yana washe baki.

"Ni na ɗauko shi," in ji abokina a kunnena. "Aikin ɗansa ne, ya zo ya sa albarka. Na yi kwayis, na kyauta ko?"

Na ji kamar in mare shi. Aka zaunar da Baba a kujera ta gaba, taku uku daga talabijin. Idonsa kuwa ƙalau yake, yana zura zare a allura ba tabarau. Ya dube ni ya ce, "To, mu gani." Ni ma na ce a zuciyata, to, Allah Ya sa wuta ta ɗauke. Ranar janaretan mai nadi bai ko yi tari ba.

Minti goman farko an yi shiru na jira. Daga nan aka zo wurin da ya kamata ya zama dare. Ba mu da fitila, saboda haka da rana tsaka muka ɗauka, na manna shuɗiyar ledar alewa a bakin kyamara. Wani daga baya ya ce, "Ya jama'a, wannan wane irin dare ne mutum da inuwarsa a ƙarƙashin ƙafa?" Dariya ta ɗan taso ta kwanta. Wakilin gona ya fito yana waige-waige yana rawar jiki, sai jakin mai kawo mana ruwa ya ɓarke da kuka a bayan hoto. Wannan karon dariyar ba ta kwanta ba.

Na tsaya jingine da ginshiƙi ina kallon ƙeyar Baba. Dariyar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don wata uku na yi ina haɗa abin nan. Amma na san a wane minti fatalwa za ta fito, kuma na san abokina ya matso da kyamara dab da ita.

Ta fito. Ni ne, fuskata shafe da garin dawa, an ƙulle ƙyallen a saman kaina da ƙirji da ƙugu, an bar ƙafafu don in iya tafiya. Na fito daga bayan hilla, wato tarin dammunan riɗi da ake tsayarwa su bushe, na tura shi da kafaɗa don a ji tsoro. Tarin ya kife, riɗi ya zube ƙasa shaa.

Rumfar ta ɗauki ihu, amma ba na tsoro ba. Waɗannan mutane ne da ke yini a duƙe suna yanka, suna tsayar da damma a hankali kamar masu ajiye jariri, don kada ƙwaya ɗaya ta faɗi.

"Haram alek! Riɗi yana zuba!"

"Wa zai tsince wannan daga cikin tsagar ƙasa?"

"Wannan ba fatalwa ba ce, ɗan gari ne da bai taɓa riƙe lauje ba!"

Wani dogo mai tabo a goshi ya miƙe tsaye, ya ce aikin mutum biyu ne na yini guda aka kifar a banza, kuma yana so a nuna masa wanda ya yi. Mai nadi ya matsa kusa da talabijin ɗinsa ya buɗe hannuwa, yana ta "Istahdu billah, ku kwantar da hankali, ya jama'a." Na ga wasu sun fara juya laujensu a cinya. Ba na jin da niyyar sara suka yi, amma a wurin da mutum sittin suka fusata cikin zafi, ba wanda zai rantse maka.

Abin da ya cece ni daga dogon nan takalmi ne. Kyamara ta sauka ƙasa, aka ga fatalwa sanye da takalmin taya, don ƙayar gonar ta hana ni tafiya ba takalmi. Wani ya ce, "Shuf, ku duba, mamaci ya dawo da takalminsa!" Fushi ya koma dariya, har dogon ya zauna yana bugun cinya. Jinin wakili ya fito, kowa ya gane zoɓo ne, wani ya ce a zuba masa sukari. Suna ta shewa, ni kuwa idona na kan kusurwar ƙyallen da iska ke kaɗawa a gefen takalmin. Ƙulli uku na shuɗin zare sun cika rabin talabijin, kuma abokina ya daɗe a wurin kamar an biya shi ya nuna su.

Baba bai motsa ba. Hannunsa ne kawai na ga ya sauka daga kan sanda ya kama gwiwarsa.

Sai wani dattijon lebura da ya san shi ya ɗaga murya. "Alhaji, kai ne masani. Billahi, haka ake ɗaure gawa?"

Kowa ya zuba masa ido yana jiran abin dariya na gaba. Baba bai juyo ba, idonsa na kan talabijin ya ce, "Wanda ya sa aka yi wannan ɗaurin ya taɓa tsayawa kusa da mai yi."

Ba su sami abin dariya a ciki ba, sai suka koma kan fatalwa. Ni kuwa gumi ya sauko mini har cikin ido. Baba ya zauna har ƙarshe. Ya kalle ni na kwanta a cikin rami, ya kalli 'yan wasan nan suna watsa mini ƙasa. A wurin nan jama'a har tafi suka yi, wai gara da aka mayar da ita kafin ta ƙarar da riɗin mutane. Da hoto ya ɗauke suka fita suna tsaki, wani na cewa gara ya kalli akuya tana tuƙa, wani na cewa mai nadi ya ci amanarsu. Dogon ya bangaje ni a ƙofa bai san ni ne ba. Abokina ya ɓace. Baba ya wuce ta gabana da sandarsa ya kama hanyar gida.

Na yi ta zagaye cikin kasuwa tsakanin buhunan dawa har rana ta yi ja, sannan na ga ba inda zan je sai gida. Na tarar da shi zaune a bakin gado, akwatin a buɗe, ƙyallen shimfiɗe a cinyarsa, tabon ƙasar a sama. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Na faɗa masa duka, har da sabulu da ruwan famfo. Na shirya wa mari, na shirya wa kora, kuma da ya yi ɗaya daga ciki da na fi jin sauƙi.

Ya shinshina ƙyallen ya ce, "Sabulun ma mai arha ka saya." Ya shafa ƙullin zaren da babban yatsa. "Zamzam ba shi zai amsa mini tambaya a kabari ba. Bar wannan."

"Baba, ka yafe mini."

"Tun kafin a haife ka nake naɗe mutane," ya ce. "Na naɗe abokaina, na naɗe ƙanena. Hannuna bai taɓa rawa ba. Yau na ga ƙafar nan taka mai karkataccen yatsa tana leƙowa daga cikin likkafanina, na ga ana zuba maka ƙasa, mutane suna tafi." Ya ɗago ya dube ni. "Abu ɗaya nake roƙon Allah kullum, kai ka naɗe ni, kada ni in naɗe ka. Su sun yi dariyarsu. Ni na ji tsoro, wallahi na ji tsoro."

Na yi wata uku ina neman wanda zan tsorata, kuma a cikin rumfar nan duka mutum ɗaya na samu. Na kifa kaina a ƙasa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna.

Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya taɓa ni da sanda. "Tashi. Ɗaurin naka ma ba daidai ba ne. A tsakiya ka sa aka ƙulla. A gefen hagu ake yi, don in an kwantar da mutum kan damansa mai kwancewa ya same shi a sama. Ɗauko matashin can." Na ɗauko dogon matashin da yake jingina da shi, ya sa na naɗe shi na kwance har sau uku kafin a kira magariba.

Kaset ɗin na ɗauki wani bikin suna a kansa mako na gaba. Har na bar sana'ar, in na shiga kasuwar hatsi sai wani ya tambaye ni ina takalmin mamaci.

Bayan damina huɗu Baba ya rasu, da hantsi, ana tsakiyar yankan riɗi. Dattawan unguwa suka tsaya suna duban juna, don mai yi musu wannan aiki shi ne a kwance. Na ce su ba ni ruwa. Da na warware ƙyallen sai liman ya ga tabon baƙar ƙasa a gefe, ya ce ko a aika kasuwa a yanko sabon yadi. Na ce a'a, mai shi ya gani, kuma shi ya mayar da shi akwati da hannunsa. Na juya tabon ya koma wajen ƙafafu, na ƙulla a hagu.