Argiro da Hanyar Alfadarai

A ranakun da babban jirgin 'yan yawon buɗe ido yake zuwa tsibirinmu, Argiro Kalafati takan tashi tun bai bayyana a teku ba. Ran Talatar nan ma haka ta yi. Ta dafa gahawa a 'yar tukunyarta mai dogon mariƙi, ta sha a tsaye a bakin taga. Daga nan ta fita ta zagaya motarta, ta daddanna tayoyi da ƙafa, ta duba ruwa da baƙin mai, ta goge gishirin da iska ta shafa wa gilashi. Iskar arewa ta kwana tana bugawa, har ƙaramin jirgin fito da ke zuwa daga Atina, babban birnin ƙasar, bai iso da sassafe ba kamar yadda ya saba. Argiro ta lura da haka, amma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Tana cikin goge gilashin sai ƙararrawar majami'ar Kastri, ƙauyen da ke kan tudu, ta fara bugawa ɗaya-ɗaya, a hankali. Tun ran Litinin labari ya zo cewa Kawu Zisis mai gidan burodi ya rasu. Ta tsaya ta yi masa addu'a. Ta ce a ranta, in ana zafi da hantsi mutanen Kastri suke binne mamacinsu, saboda haka kafin ta biyo ta can da yamma hanya ta daɗe da buɗewa.

Argiro 'yar Yanakos mai alfadarai ce. Kafin a shimfiɗa kwalta, ubanta ne yake ɗaukar mutane da kaya daga gaɓa zuwa ƙauyukan kan tudu, ita kuma tana biye da shi da sanda a hannu tun ba ta kai kafaɗar dabba ba. Da kwalta ta zo, alfadarai suka rasa aiki. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, mijinta ya tafi aikin jirgin ruwa, daga baya mutane suka daina tambayarta labarinsa. Ta daɗe tana tuƙa motar 'yan makaranta, in lokacin sanyi ya zo kuma ta shiga gonakin zaitun tana ɗaukar buhuna, har ta sayi motar kanta mai kujeru bakwai. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta yawan dariya. Abu ɗaya take alfahari da shi: tun da ta fara yawo da baƙi, jirgi bai taɓa tashi ya bar fasinjanta ba.

Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya bi manyan motocin da masu jirgi suka tanada, in ya makara, kyaftin zai jira shi. Wanda ya ɗauki direban kansa, in lokaci ya cika, janye tsani ake yi, jirgi ya tafi da kayansa.

Da ta isa tashar jirgin ruwa, ta tarar da Thodoris mai tasi jingine da motarsa, yana taunar tsinken sakace.

"Ga 'yar alfadarai ta iso," ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfi yadda za ta ji. "Ku matsa, kada ta take ku."

Ba ta dube shi ba. Rabon da ta yi masa magana tun ranar da ya janye mata wasu baƙi a wannan wurin, ya gaya musu wai mace ba ta iya hawan hanyar kan dutse da mota.

Fasinjojinta na ranar mutum biyu ne daga Birazil: wani tsoho siriri mai suna Osvaldo, da 'yarsa Dalva, wadda ta riƙe masa hannu tun daga tsanin jirgi. Da Turancin da Argiro ta tsinta a bakin tasha suka yi magana.

"Ƙarfe biyar jirgi zai tashi," in ji Dalva tun ba su zauna ba. "Maganin zuciyar babana na yamma yana ɗakinmu a cikin jirgin. Na safe kawai na ɗauko. Likita ya ce kada ya kuskura ya tsallake ko sau ɗaya."

"Kwantar da hankalinki," in ji Argiro. "Za ki dawo har ki sha shayi kafin su kwance igiya."

Ta kai su kufan tsohon haikali, ta kai su gaɓar da yashinta baƙi ne, suka ci kifi a rumfar wata ƙawarta. Daga ƙarshe ta hau da su gidan masu zuhudu da ke ƙwanƙolin dutse, can bayan Kastri. A nan tsohon ya zauna a kan dakali, ya zuba wa teku ido, ya ƙi tashi. Matarsa ce ta so ganin wurin, in ji Dalva, ta rasu ba su zo ba. Argiro ta duba agogo, ta ga akwai sarari, ta ƙyale shi. Ta sake dubawa, ta ƙara masa kaɗan. Sai da abin da ya rage ya zama daidai na saukowa da ɗan rara, sa'an nan ta taɓa masa kafaɗa ta ce, "Baba, mu tafi."

Hanya ɗaya ce take saukowa daga wannan dutse, kuma ta tsakiyar Kastri ta ratsa, tsakanin bango da bango, faɗin mota ɗaya. Suna shigowa dandalin ƙauyen Argiro ta taka birki.

Ƙofar majami'a a buɗe take, mutane suna fitowa cikin baƙaƙen kaya. Limamin majami'a yana gaba, maza suna biye da akwatin gawa a kafaɗunsu. Bayansu Gwaggo Froso ce, matar mamacin, wani mutum mai kwat yana riƙe da ita. Da ganinsa Argiro ta gane kuskurenta. Ɗansu ne da ke zaune a Atina. Ba a binne uba ɗansa yana kan teku, kuma jirgin fiton da iska ta tsare da safe shi ne ya kawo shi da rana. Ita da ta ga jirgin bai iso ba, ita da ta ji ƙararrawa, ba ta haɗa biyun ba.

Jama'a suka cika hanya, suka fara gangarawa taku bayan taku. Maƙabarta tana can ƙasa, bayan kwana ta biyu. Kafin nan kuma sai an tsaya a ƙofar gidan mamacin an yi addu'a, a sake tsayawa a ƙofar gidan burodinsa.

"Me ya faru?" in ji Dalva. "Danna musu hon mana!"

"Ba a yi wa gawa hon."

"To ki roƙe su su matsa gefe!"

"Ba a wuce gawa. Ko sun matsa, ba zan wuce ba. Kuma ina gefen yake? Dubi bangon."

"Babu wata hanya?"

Daga dandalin ana hango jirgin a ƙasa, fari fat, manyan motoci suna ta juye mutane a gindinsa. Argiro ta dubi tsohon ta madubi. Ya ɗora hannuwa a kan gwiwoyinsa.

"Akwai," in ji ta. "Amma ba ta mota ba ce."

A bayan majami'ar akwai tsohuwar hanyar alfadarai, matakalar duwatsu da take gangarawa kai tsaye, ta faɗa kan kwalta kusa da injin matsar zaitun, ƙasa da maƙabarta. Ko sun sauka ta nan, sai an sami motar da za ta tare su. Argiro ta kira ɗan'uwanta, wayarsa a kashe, yana cikin masu ɗaukar gawa. Ta kira wasu direbobi biyu, duk suna can ɗaya gefen tsibiri da baƙinsu. Mutum ɗaya ne ta san ba ya barin tasha a wannan lokaci. Ta riƙe wayar kamar mai zafi, sa'an nan ta danna.

"Wa nake ji?" in ji Thodoris. "Argiro? Wa ya mutu?"

"Kawu Zisis, kuma gawarsa ta tare min hanya. Ka zo injin zaitun yanzu. Ina da tsoho mai ciwon zuciya, maganinsa yana jirgi."

"Au, yau kin san lambata?"

"Thodoris, in za ka zo ka zo, in ba za ka zo ba ka gaya min in san abin yi."

Ta ji an rufe ƙofar mota.

Ta ajiye motarta a gindin bangon majami'a, suka kama gangara. Duwatsun sun goge, ƙafa tana santsi a kansu, ƙaya ta rufe gefe da gefe. Argiro tana gaba, tsohon ya dafa kafaɗarta, Dalva tana riƙe da ɗamararsa ta baya. Daga sama ana jin waƙar masu makoki tana tafiya a hankali. Da farko tsohon ya yi ƙoƙari, har ya ce shi ma ɗan tudu ne a ƙasarsu. Da suka kai wajen rabin hanya sai maganarsa ta ɗauke. Numfashinsa ya koma gajere. Ya zauna a kan wani dutse, leɓɓansa sun yi fari.

Nan jirgi ya busa jiniya. Doguwar busa ce ta kiran waɗanda suka makara, ta bugi duwatsu ta dawo.

"Papa, tashi," in ji Dalva, tana kuka. "Don Allah tashi."

"Ku tafi," in ji shi. "Ki karɓo maganin ki dawo."

"Ba za su bari ta shiga ta fito ba, Baba," in ji Argiro. "Wanda ya hau ya hau ke nan."

Ta dube shi sama da ƙasa, irin duban da take yi wa buhu kafin ta ɗaga. Ta kwance gyalen da ke wuyanta, ta juya masa baya, ta durƙusa.

"Hau."

"Ni? A bayan mace? Haba 'yata!"

"Baba, buhun zaitun ya fi ka nauyi, kuma shi ba ya gardama. Hau."

Dalva ta taimaka ya hau, ta zagaya gyalen ta ƙarƙashinsa, Argiro ta ƙulle a ƙirjinta. Ta miƙe. Ta gangara a karkace, ƙafa ɗaya tana neman dutse kafin ɗaya ta bi, yadda ubanta ya koya mata. Gumi ya shiga idanunta, ba hannun gogewa. A wata kwana dutse ya kuɓuce a ƙarƙashin takalminta, ta faɗi a kan gwiwa ɗaya, Dalva ta yi ƙara. Argiro ta tsaya a haka, ta ji numfashin tsohon yana hura mata kunne. Yana numfashi dai. Ta dafa bango ta tashi, jini yana bin ƙwaurinta.

Da ta hango rufin injin zaitun, ba ta ga mota ba. Kwalta ce kawai, da wani kare kwance a inuwa. Ta ci gaba da sauka don ba abin da za ta yi sai shi. Tana taka matakalar ƙarshe sai ga tasi ta fito daga bayan ginin da baya, ƙofofinta a buɗe. Ashe juyawa ya je ya yi, don ta fuskanci gaɓa.

Thodoris ya fito, ya tsaya baki buɗe.

"Argiro! Da ba ki sami alfadari ba sai kika zama shi?"

"Kama min shi, sarkin surutu. A hankali, kada ka matse masa ƙirji."

Suka kwantar da tsohon a kujerar baya, kansa a cinyar 'yarsa. Thodoris ya ja mota. Yana tuƙi yana yi wa mai tsaron ƙofar tasha ihu a waya, wai ya buɗe ƙofa, in kuwa ya bari aka janye tsani to kada ya ƙara zuwa gidansu cin wake. Argiro ta riƙe ƙofa, ba ta ce masa ya rage gudu ba. Jirgi ya sake busawa.

Sun shiga tasha an riga an kwance igiyar baya. Ma'aikata biyu suna riƙe da tsani, wani jami'i mai fararen kaya yana duban agogonsa. Thodoris ya danna hon bai saki ba. Jami'in ya ɗaga kai, ya ga tsohon da ake fitarwa, ya ɗaga hannu. Aka sauko da keken marasa lafiya. Dalva ta bi shi da gudu, ta juyo za ta yi magana, aka tura ta ciki. Tsani ya hau, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Argiro ta zauna a kan turken da ake ɗaure igiya, ta dubi gwiwarta. Thodoris ya miƙo mata gorar ruwa.

"Ai sai a ce an gode."

"An gode."

"Shi ke nan? Na bar baƙi huɗu a tsaye saboda ke."

"Mayar da ni Kastri. Motata tana can."

Ya yi ta gunaguni, amma ya kai ta. Hanya ta buɗe, an shiga da gawa maƙabarta. Ta ɗauko motarta daga gindin majami'a, ta gangaro, ta tsaya a ƙofar maƙabarta ta kashe inji. Ta wanke jinin da sauran ruwan gorar, ta shiga, ta ɗebi ƙasa ta zuba a kabarin kamar kowa. Sa'an nan ta je gaban Gwaggo Froso ta sunkuya.

"Sannu Gwaggo. Allah ya ba da haƙuri."

"Sannu 'yar Yanakos. Na ga motarki a dandali. Na ce wa ɗana, wannan ba za ta wuce gawar ubanka ba." Ta dubi ƙafar Argiro. "Me ya sami gwiwarki?"

"Dutse ne, Gwaggo. Zo in kai ki gida, hawan nan ya fi ƙarfinki."

Ta zaunar da ita a kujerar gaba, ta cika sauran kujerun da tsofaffin matan da ba za su iya komawa da ƙafa ba. Ta hau da su a hankali, ta sauke kowace a ƙofar gidanta, ta riƙe Gwaggo Froso har ta haye dokin ƙofa.