Jar fitila da jifan goriba

"Ta motsa! Wallahi ta motsa!" Ihunmu ke nan a ajin kimiyya a Birnin Kudu, a shekarun alif ɗari tara da saba'in.

Malam ya haska wa farantin ƙarfe jar fitila mai kashe ido, allurar awon lantarki ko gezau. Da ya kunna 'yar shuɗiya mai dishi-dishi, sai allurar ta zabura!

Na miƙe. "Malam, in haske kamar igiyar ruwa yake, ai mai ƙarfin ce za ta fizgo lantarki!"

Ya yi dariya. "Ɗan Fagam, in ka watsa wa goriba buhun yashi, za ta faɗo? Dutse ɗaya fa? Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ƙwayar shuɗi ta fi ta ja zafin jifa."

Da ma na shirya barin makaranta a zangon nan. Ranar na fasa.

Ku wane malami ya taɓa jifanku haka?