Labaran Jos

Sunan da aka raɗa masa Labaran, amma a Makarfi masu sunan sun yi yawa, shi ya sa aka haɗa masa da gari. In ka shiga kasuwa ka ce kana neman Labaran Jos, za a nuna maka wani dattijo siriri a bakin tasha, yana fere rake yana magana, wuƙar ba ta tsayawa, bakin ma haka. Shi da kansa yakan ce sunan ya dace da shi, don rabinsa mutum ne, rabinsa labarai ne.

Shekara goma sha tara ya yi yana zuwa Jos ci-rani, yana tallar rake a baro. Da rake ya nuna a fadama, sai ya haye bayan babbar mota a kan dammuna, ba a sake ganinsa sai an kusa shuka. Ya dawo da zannuwa biyu na matarsa Atika, da takalman yara, da labari buhu guda. Da gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye baro, labarin kuma ya ci gaba da tafiya.

Mu nan, kowa ya sani, ba mu da dutsen da akuya za ta yi haki a kansa. Ƙasa shimfiɗe take daga nan har Kudan, sai rake da tumatir. Don haka duk mai shirin zuwa Jos, ɗalibi ne ko ango ko mai zuwa kwas, sai ya biyo ta wurin Labaran a tsara masa mako. Shi kuwa ya gyara zama. Ranar farko a huta, a sha kunun acca da zafinsa saboda sanyi. Rana ta biyu gidan zu, ta uku gidan tarihi. Ta huɗu a tafi Dutsen Shere, inda mutum zai ga garin gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa, gajimare na goga masa hula. A ci gwate, a ci dankalin Turawa da aka haƙo da safe, kada kuma a dawo ba a ɗanɗana sitiroberi ba. Mutane su je su dawo su ce wallahi Labaran ya san gari.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk a bakin masu sayen rake ya ji. Yana fere musu, suna hira, yana tsinta. Gidan zu bai wuce ƙofarsa ba. Dutsen Shere ko hanyarsa bai sani ba. Shekara goma sha tara abincinsa ɗaya, shinkafa da wake da mai da yaji, a wurin mace ɗaya. Mai tura baro a garin tudu ba ya ɗaga kai, in ya ɗaga, baron ya tafi ya bar shi. Abin da Labaran ya kalla a Jos tayar baro ce, kuma ya kalle ta sosai.

Mutanen tasha ba su dame shi ba. Atika ce damuwarsa. Tun tana amarya take tinƙaho da shi a gidajen biki, cewa mijinta ya san Jos fiye da 'yan Jos. Ita ba ta taɓa wuce Zariya ba. Duk shekara sai ta ce ya kai ta, duk shekara sai ya ce sanyin garin bai dace da ƙirjinta ba. Ƙirjin nan kuwa lafiyarsa ƙalau, ita take dakan gidan duka.

Sai Allah ya kawo ranar. Autarsu Kamila, wadda ta auri wani malamin makaranta ɗan Jos mai suna Zulkifilu, ta haihu. Dole a je Jos, a zauna har suna, mako guda cur. Tun a mota Atika ta yanke hukunci: safiya ta mai jego ce da jariri, bayan azahar ta gari ce.

"Malam, wannan makon da kake tsara wa mutane, shi nake so. Kada a rage mini ko rana ɗaya."

Labaran ya ce to, cikinsa ya ce wani abu dabam.

Ya sa rai surukin zai fitar da shi, tunda haifaffen garin ne kuma yana da mota. Ina! Zulkifilu yaro ne mai kunya irin ta da. Ya durƙusa ya gaishe su, ya buɗe musu ƙofa, ya ce ai Baba ya riga shi sanin garin, shi nasa tuƙi ne kawai. Haka aka tafi gidan zu. Labaran ya ce a yi dama, aka yi dama. Ya ce a miƙe, aka miƙe. Suruki ba ya gyara wa uban matarsa hanya, sai dai ya ce, "Haka ne, Baba." Bayan kusan awa ɗaya motar ta tsaya a filin da ake sauke rake. Ba zaki, ba giwa, sai ɓawo da ƙudaje da wani tsohon ɗan dako da ya leƙo ya ce, "Kai, Labaran! Kana raye?"

Labaran ya ce an canja hanyoyi. Zulkifilu ya ce haka ne, Baba.

Washegari yaron ya samo dabara. Ya ɗora waya a gabansa, wata mata a ciki tana faɗin hanya da Turanci ƙasa-ƙasa. Duk kwanar da aka sha, sai Labaran ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa, nan nake nufi." Da haka suka ga gidan zu, suka ga gidan tarihi. Yana tafe bayan Atika, idonsa ya fi nata buɗewa, yana ƙoƙarin yin fuskar wanda ya gaji da ganin zaki.

Abinci ne ya fara tona shi. Da aka kawo gwate, wanda ya shekara yana kwatanta shi kamar abincin sarakuna, Atika ta juya cokali ta ce, "Malam, wannan ai fate ne, sai dai ya yi boko." Ran nan kuma a bakin titi Zulkifilu ya sayo sitiroberi a ɗan kwando. Labaran ya dube su, jajaye, ƙanana, da ƙuraje a jiki. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya zaro wuƙa ya fara fere ɗaya. Mai sayarwar ta juya baya tana dariya a cikin mayafi. Zulkifilu, Allah ya yi masa albarka, ya ari wuƙar ya fere nasa shi ma. Atika ta jefa nata a baki da ɓawonsa, tana kallon mijinta. Kallon nan ya fi masa zagi ciwo. Ya ji tsoro na gaske, cewa matar da ta shekara talatin tana ɗaga kai saboda shi za ta koma gida tana sunkuyar da shi.

Ranar jajibirin suna ita ce ta Dutsen Shere. Matar cikin waya ta bi da su ta wata unguwa, motar ta kama wani dogon hawa, ta fara nishi. Labaran bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Ka bi hagu, dama ruwa ya cinye ta. Bayan falwayar can akwai rami. In ka wuce shi akwai dutse mai faɗi da ake tokare taya a huta. Nan Hawan Astagfirullahi ne, ni na sa masa suna, don ba a kai rabinsa ba a tuba ba."

Ramin yana nan. Dutsen ma yana nan. Karo na farko a makon, duk abin da ya faɗa ya zama daidai, kuma muryar ba ta bakin tasha ba ce.

Atika ta ce a tsaya. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta ce da ƙafa za ta hau. Zulkifilu ya zauna a mota yana kallon sitiyari. Suka kama hawa, ita a gaba, Labaran a baya da gwiwarsa. Sau uku tana tsayawa, ita da ke daka turmi biyu ba tare da ta huta ba. A kan dutsen mai faɗi ta zauna tana mayar da numfashi.

"Sau nawa kake hawansa?"

"Sau biyu a rana. Masu saye suna sama, rake yana ƙasa."

"Da baron a cike?"

"Wa zai hau da shi ba kaya?" Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Atika, ni ban san Jos ba. Wannan hawan na sani, shi da wasu guda huɗu. Sauran duk ji na yi. Jiya na fara ganin sitiroberi kusa, kin kuwa ga yadda muka gaisa."

Ta shafa zanen da ke jikinta, tsoho ne, shuɗi, cikin waɗanda ya kawo mata.

"Wannan ma ta nan ka turo shi?"

Ya ce ta nan.

Ta miƙe, suka ƙarasa sama. Labaran ya tsaya inda ya saba tsayawa, fuskarsa ga katangar da yake jingina baro. Atika ta ce, "Malam, juya mana."

Ya juya. Ga garin nan shimfiɗe a ƙasa, rufin gidaje na ƙyalli, ga duwatsu a jere can nesa, wasu a kan wasu kamar an ɗora su da hannu, gajimare na ratsa kawunansu. Dubban lokuta ya tsaya a wurin nan, bayansa ne kawai ya sha kallo. Ya cire hula, ya mayar.

"Ashe da gaske nake," ya ce.

Ba su je Dutsen Shere ba, Atika ta ce ta ga abin da ta zo gani.

Har yanzu Labaran yana bakin tasha yana tsara wa mutane mako, sai dai ya ƙara gargaɗi ɗaya, cewa ba a fere sitiroberi, kuma shi yake fara yi wa kansa dariya. Atika kuwa tinƙahonta bai ragu ba. In mata suka tambaye ta abin da ya fi burge ta a Jos, ba ta ambaton zaki. Takan ce akwai wani hawa, in sun je su sauka daga mota su hau da ƙafa, sannan su zo ta gaya musu ko mijin wa ya hau shi da baro shekara goma sha tara.