Igiyar da Aka Ba Baƙona a Kara

Shekarar da aka kawo babban taron kiwo Illela, ni aka ɗora wa nuna wa baƙo gari. Ba don ilimi ba. Boko dai na shiga aji, na ga bulala, na fito ta taga. Allo kuwa wankewa na fi gwanancewa a kai. Abin da nake da shi baki ne, kuma da shi na tsufa ina dillancin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi.

Taron ya tara likitocin dabbobi da shugabannin makiyaya da fatake, namu da na Nijar. Kowa an rataya masa kati a wuya da wata igiya shuɗiya. Na raɗa wa shugabanmu na dillalai, “Alhaji, ragunan ga duk an ɗaure su, wa za shi taya?”

“Tsoho, kama bakinka,” in ji Alhaji. “Ga Likita nan daga Kano. Yana son ganin gari, kuma da la’asar shi ke da jawabi. Kai ne mai masaukinshi. Yadda na ba ka shi, haka za ka maido min.”

A wurinmu wannan magana ba ta wasa ba ce. Baƙon da aka damƙa maka, cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka har ya bar gari. In wani abu ya same shi, babu falken da zai sake sauka gidanka.

Likita dogon mutum ne mai ladabi, da ’yar furfura a gemu, komai sai ya ce “Baba”. Na kai shi bakin iyaka, na nuna masa sandar da ake ɗaga wa motoci, na ce daga nan sai Ƙonni, inda ko akuya da Faransanci take kuka. Ya yi dariya har katinsa na rawa. Muka ratsa ’yan canji suna kaɗa sefa kamar mafici. Na sa ya ɗanɗana kilishi da dogon burodin nan na tsallake, wanda in ya kwana sai ka kori kare da shi. Na nuna masa rumbunan albasa, ya yi hoto, ya yi atishawa. Sai ya ce yana son ganin tafkin Kalmalo. Na ce ai masunta ba su son baƙi da zafin rana. Gaskiyar ita ce ƙuguna ne ba ya son hawan babur ɗin ’yan kabu-kabu.

“To sai ina, Baba?”

“Zo ka ga kara,” na ce.

Kasuwarmu Lahadi take ci, ranar kuwa tsakiyar mako ce. Ranar da kara ba ta ci, mu kanmu ba mu ratsa ta da rana tsaka. Ba wanda ya taɓa gaya min dalili, zagayawa kawai ake yi. Ni kuma so nake in ɗan tsorata mutumin Kano, in samu abin ba da labari a majalisa.

Muka shiga. Fili fetal, turaku a jere, rumfuna ba kowa. Abin da na fara lura da shi, babu ƙuda. Kara ba ta rabuwa da ƙuda ko da damina ko da rani, amma ranar ko ɗaya. Hayaniyar babura da muka baro a titi ta yanke, kamar an rufe ƙofa a bayanmu. Na fara shirya ƙaryar da zan yi masa, sai shayin da na ɗirka a wurin taro ya ce ga shi nan. Na ce, “Likita, tsaya nan, kada ka gusa.” Na zaga bayan wata katanga na tsuguna.

Da na dawo, yana tsaye inda na bar shi, da igiya a hannu. Tsohuwar igiyar kaba ce, ta yi baƙi don shan maiƙo, ya naɗe bakinta a wuyan hannu, sauran tana kwance a ƙasa.

“Likita, mi na na ga hannunka?”

“Wani dattijo ne ya ba ni, Baba, makiyayi, da malafa. Ya ce baƙo ba ya komawa gida ba tsaraba. Na ce ya bar ta, ya ce in riƙe. Kunya na ji in mayar wa babba hannu.”

“Ina shi?”

Ya nuna wata rumfa. Babu kowa a ciki sai inuwa.

Na ƙara duban igiyar da kyau. Makiyayi zai ba ka nono, zai ba ka fura, in ya so ka har maraƙi zai ba ka, amma ba zai ba ka igiya ba. Ko saniya ka saya, da taka igiyar za ka zo. Sai ka ɗaura taka, sannan ya kwance tasa ya naɗe ya sa a kafaɗa, don sun ce arzikin garke a jikinta yake. Tun ina yaro ban taɓa ganin igiya ta bi baƙo ba.

“Mi ya ce maka kuma?”

“Ya tambaye ni wa ke da ni a nan. Na waiwaya ban gan ka ba, sai na ce ni kaɗai ne.”

Bai rufe baki ba igiyar ta motsa. Na gani da idona, kuma idona a lokacin bai fara hazo ba. Ta ja jiki a cikin rairayi, ta miƙe, ta tashi daga ƙasa ta yi tsam, daidai tsayin kafaɗar mutum mai tafiya a gaba. Hannun Likita ya miƙe ya bi ta. Ya taka ƙafa, ya ƙara takawa, ya nufi arewa, inda babu komai sai daji da hanyar da shanu ke bi su tsallaka iyaka.

“Baba,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “ba ni nake tafiya ba.”

Na kama rigarsa, ta kusa yagewa. Na kama yatsunsa in ɓamɓare, sun yi sanyi sun ƙame. Na ɗauko addu’a, na kama wata sura na faɗa cikin wata, har yau ina neman gafarar malaminmu. Ga warin ɗanyen kashin shanu ya cika wurin, ga numfashi mai ɗumi yana busa min a ƙeya, kamar muna tsakiyar garke. Daga gaba kuma na ji ana ’yar ƙyasta harshe, irin yadda ake lallashin saniyar da ke turjiya.

Ban yi tunani ba, wallahi. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. In ka ga ana jan dabbar baƙonka, igiyarka kake fara kamawa. Na damƙi shuɗiyar igiyar nan ta wuyansa, wadda na yi wa dariya da safe, na naɗe a hannu, na kafa ƙafa.

“Yana da mai shi!” na ce da ƙarfi. “Ni ne mai masaukinshi. Albarka!”

Ga wanda bai san kara ba, haka mai kaya ke cewa in an taya bai sayar ba.

Aka tsaya. Sai aka ƙara fizga, a hankali, irin ta mai saye da ya ƙara tayi.

“Albarka!”

Aka sake ja, wannan karon har Likita ya durƙusa, igiyar wuya ta shaƙe shi. Ni kuwa abin da na rage a bayan katanga ya ƙarasa fitowa a wando. Na ce, “Baffa, ko garken duniya ka kawo, ban sallama ba. Amana ce. Ɗauki igiyarka.”

Na ƙara damƙe tawa. Sannan igiyar kabar ta saki, ta faɗi ƙasa, ta warware daga hannunsa da kanta. Wani ƙuda ya zo ya sauka min a hanci. Ban taɓa murnar ganin ƙuda ba sai ranar.

Ban taɓa igiyar kabar da hannu ba. Da karan dawa na ɗaga ta na rataya a turke. Kuma ban saki ta wuyan Likita ba. Haka na jawo shi muka fito titi, babban mutum, yana bina sumui-sumui. ’Yan kabu-kabu suka ga abin nema.

“Baba, nawa ragon?”

“Albarka,” na ce. Suka kwashe da dariya. Mu ba mu yi ba.

Na sa shuɗiyar igiyar a hannun Alhaji kafin na saki. Ya dubi Likita, ya dubi wandona, ya buɗe baki, sai ya ga shatin igiya da ya zagaye wuyan hannun baƙon, ya rufe. Likita ya yi jawabinsa a kan allurar shanu, aka tafa. Da zai shiga mota ya kai hannu zai cire katin, na ce ya bar shi a wuya sai ya wuce Sakkwato.

Ranar Lahadi na leƙa turken. Babu igiya. Amma duk saniyar da aka kawo kusa da shi sai ta toge, har aka gaji aka bar shi. Yanzu in an ba ni baƙo, albasa nake nuna masa, in ya matsa in hau kabu-kabu mu je Kalmalo, ƙugu ya yi ta kansa.

Abu guda ne ban hango ba a ranar. Mai saye in an ce masa albarka, ba dabbar yake koma wa ba, mai ita yake bi. Wani lokaci ana tsakiyar ciniki, kara ta cika maƙil, sai in ji an ɗan ja bayan rigata, a hankali, da ladabi. Ba na waiwayawa. In ce albarka, in ci gaba da harkata.

Likita yana kirana duk sallah. In mun gama gaisuwa, mun tambayi iyali, sai ya sauke murya.

“Baba, har yanzu ana tayawa?”

“Ana yi, Likita,” nakan ce. “Ban sallama ba.”